Na bar fim na koma dijital, farar shadda ta ƙi fita a hoto

Baba Mai Hoto, Zariya:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka riga ni barin fim ce.

Tun ina saurayi kyamarar Nikon FM2 nake riƙewa, da lens 50mm, fim kuwa Kodak Gold 200, in ya yi wuya in sa Konica ko Agfa lokacin da ana samun su. Ɗaurin aure, suna, hawan sallah, duk da ita na ci abinci. Kuma ba gazawa ta yi ba, har gobe tana ɗauka ko babu batir. Wanki ne ya gagara. Shagon da nake kai fim ya rufe, wanda ya rage sai an tara fim da yawa kafin su haɗa ruwan magani, in ruwan ya kwana biyu kuma hoto ya fito kore-kore. Shi ne babban ɗana ya sayo mini kyamarar dijital, Nikon D5300, ta hannu.

Ga abin da ya dame ni. Ɗaurin aure a ƙofar masallaci, rana ta take, ango ya sha farar shadda, babbar riga mai aska takwas, farin zare a kan farin yadi. Da fim, sai in auna haske a fuskarsa in danna. Fuska ta fito, aikin riga ya fito, har furen shaddar kana gani. Yanzu in fuska ta fito, riga ta koma fari fat, ba zare ba fure. In na rage haske riga ta dawo, fuska ta yi baƙi ƙirin. Wanda ya zuba kuɗi a ɗinki ai aikin yake so a gani.

Sai launin fata. Gold yana ba fata wani ɗumi mai daɗin kallo. Wannan kuwa ko ta yi toka-toka ko ta yi ruwan lemo, ga kaifi ya yi yawa, kowane ƙurji da ɗigon gumi sai ya fito. Tsohon lens ɗina ma ya hau, amma mitar haske ta daina aiki, kuma sai na ja baya har bango kafin mutum biyar su shiga. Kyamarar ce ba ta da kyau, ko haka dijital yake?

Sani Injiniya, Kaduna:

Wa alaikumus salam Baba. Kyamararka lafiya lau, hannunka ne ya saba da fim. Negatif yana jure haske: ko ka wuce gona da iri da mataki biyu, wato haske ya ninka sau huɗu, bayanin farin wuri yana nan, wajen wanki a dawo da shi. Sensa kuwa, wato farantin da ke karɓar haske a madadin fim, in ta cika ta cika, abin da ya ƙone ya tafi ke nan. Amma tana riƙe bayani a duhu sosai. Saboda haka juya lissafin za ka yi: auna riga, ba fuska ba. Kunna alamar Highlights, in ka ga rigar tana ƙifta-ƙifta a allo ka rage haske har ta daina. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ka ɗago fuskar a kwamfuta. In ba ka son zaman kwamfuta, ɗan filasha ko da rana tsaka yana cike fuskar, ko ka ja su inuwar bango.

Maganar launi kuma, Baba, ka yi haƙuri in faɗa: rabin launin da kake kewa ba na Kodak ba ne, na mutumin da ke zaune gaban injin wanki ne. Negatif ba shi da launi tsayayye. Shi ke duba kowane hoto, ya ƙara ja, ya rage kore, ya danne haske, kai dai ambulan kake karɓa. Yanzu wannan kujerar ta dawo kanka. Ka fitar da Picture Control, wato saitin launin kyamara, daga Vivid ko Standard ka mai da shi Neutral ko Portrait, ka rage kaifi, ka daina barin daidaita fari a Auto, da rana ka sa shi a alamar rana.

Lens kuwa, sensar D5300 ta fi fim ƙanƙanta, shi ya sa 50mm ke gani kamar 75mm. Nemi lens 35mm ka koma inda ka saba. Kuma jerin su D5300 ba ya auna haske da tsofaffin lens, D7000 ko D7100 su ke yi.

Maman Iman, Kano:

Baba, da girmanka, ni ban yarda fim ya fi tausaya wa fatarmu ba. Katin gwajin launi da Kodak ta daɗe tana raba wa masu wanki, wanda ake kira Shirley, hoton Baturiya ne, da fatarta ake saita inji. Ka buɗe albam ɗin bikin iyayenmu da aka ɗauka cikin ɗaki, haƙora da idanu kawai za ka gani. Naka sun yi kyau ne don ka iya, kuma ka dace da mai wanki da ya san fatar mutanensa.

Ni aikina cikin gida ne, kamu da sa lalle da dare. Da fim mai ISO 200 ko 400, wato ma'aunin saurin kama haske, sai dai ka kwaɗa wa amarya filasha a ido, bayanta duhu ɗungurum. Yanzu da dijital ina kai ISO 3200 in ɗauki ɗakin yadda yake. Abin da ke ba ni haushi dabam ne: amare sun saba da tacen waya, kowa so take a mai da ita fara sol, har lallen hannu ya ɓace.

Ɗan Damagaram:

Malam, abu ɗaya da ba a faɗa maka ba: ƙura. A fim kowane hoto sabon fili ne, a dijital sensa ɗaya ce. In ka canza lens a waje lokacin hunturu, tabon zai bi ka a duk hoton da akwai sararin sama, musamman in ka tsuke ƙofar lens zuwa f/11 ko f/16. Ka canza a ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ka sayi robar hura iska. Kada ka hura da baki. Negatif ɗinka kuma kada ka zubar, ana iya kwafe su su shiga kwamfuta.

Baba Mai Hoto, Zariya:

Allah ya yi muku albarka. Sani, na gwada a ƙofar gida da rigar maƙwabcina. Na rage haske har ƙiftawar ta tsaya, na ƙara filasha kaɗan, aska ta fito zare-zare, fuska ma ba laifi. Maganar mai wanki kuwa ka taɓo gaskiya. Wanda ke yi mini a da, in ya ga fim ɗina ne sai ya ce da yaronsa ya tashi, shi zai zauna da kansa.

Maman Iman, kin yi gaskiya a hoton dare, amma a rana tsaka ina nan kan bakana.

Saura bugawa. Wanda na kai aka buga da injin tawada bai yi mini ba, takardar sai ƙyalli, baƙin ba ya nitso. Akwai inda har yanzu ake buga hoton dijital a ainihin takardar hoto mai shiga ruwan magani?

Sani Injiniya, Kaduna:

Akwai, Baba. Ka tambayi shagon da ke da injin Fuji Frontier ko Noritsu mai ruwan magani, don akwai masu wannan suna da tawada suke aiki. Mai ruwan yana haska hoton a kan takardar da ka sani, sannan ya wanke. Ka kai musu JPEG a tsarin launi na sRGB, ka ce su kashe gyaran inji, su fara buga maka guda ɗaya mai girman inci 5x7 ka gani kafin a yi sauran.