Da me za a auna takardun bayanin girgije idan wakilin AI ne mai karatu?

Bello (Garwa): Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai na yanke hukunci: duk kamfanin girgije (mai ba da hayar sabar kwamfuta ta intanet) da bai ajiye fayil ɗin llms.txt a shafinsa ba, takardunsa ba su dace da wakilin AI (manhajar AI mai yin aiki da kanta) ba. Tun Satumba 2024 Jeremy Howard ya kawo shawarar: fayil ɗaya a rubutun Markdown, mai nuna wa na'ura inda kowane bayani yake, ba sai ta yi ta lalube cikin hotuna da maɓallai ba. Cloudflare sun yi nasu. Da shi nake tantance kayan aiki yanzu.

Hajara (Marwa): Wa alaikumus salam. Yaya Bello, ban yarda ba. Fayil ɗin nan kwatance ne kawai. Ya kai ka ƙofar shago, bai ce kayan ciki na da kyau ba. Watan jiya na ba wakili aikin haɗa ofishin wata ƙungiya da sabarta ta hanyar VPN, da kayan wani ƙaramin kamfani mai llms.txt tsaf. Ya bi kwatancen, ya kwafo umarni, umarnin ya ƙi. Ashe misalin na tsohon zubin manhajar ne, kuma babu kwanan wata ko lambar zubi a shafin. Kwana biyu ma'aikatan suna zaune ba rezo, ni kuwa ina ta ba da haƙuri.

Malam Sale (Injamena): Hajara ta taɓo wurin. Bello, ka tuna mai karatun nan ba ya tsayawa ya yi waswasi kamar ni da kai. Abin da takarda ta yi shiru a kai, zai cike shi da zato. Ɗauki AWS, girgijen Amazon, da katangun tsaronsa biyu: security group yana tuna haɗin da ya bari ya shigo, amsa ta fita da kanta. Network ACL ba ya tunawa, sai ka buɗe wa amsa tashoshin dawowa, wato ƙofofin haɗi masu lamba 1024 zuwa 65535 a yawancin tsari. Wanda bai san wannan ba zai ga komai daidai a rubuce, haɗi kuma ya ƙi. Ga kuma adireshi: a kowane subnet, wato sashen rezo, AWS da Azure suna riƙe guda 5, Google Cloud 4. Wato subnet mai girman /24 a AWS adireshi 251 yake ba ka, ba 256 ba. Ni ma'aunina shi ne, irin wannan bayani yana kusa da umarnin da ya shafa, ko yana can wani shafi?

Bello: Malam, na ji, amma ai sai an samu shafi kafin a yi maganar abin da ke ciki. Wakili yana da iyakar rubutun da zai iya riƙewa a lokaci guda. Shafin HTML guda kan cinye masa wuri da tarkacen da ba bayani ba. Kuma ban tsaya a llms.txt kaɗai ba: idan akwai OpenAPI (tsararren bayanin yadda manhaja ke karɓar umarni), ko sabar MCP (hanyar haɗa wakili da kayan aiki kai tsaye), wadda Anthropic ta fitar da ƙa'idarta a Nuwamba 2024, maki na ƙaruwa.

Hajara: To ka ga ka fara faɗaɗa ma'aunin. OpenAPI kam na yarda da shi, domin yana faɗin wane fili ne dole a cike, wane iri ne.

Usmanu (Ngaundere): Manya, ku ba ni dama, ɗalibi ne ni. Ba wanda ya ambaci kuɗi. Tun 1 ga Fabrairu 2024 AWS ke cajin 0.005 na dalar Amurka a awa kan kowane adireshin IPv4 na fili, kusan dala 3.6 a wata. NAT gateway kuma, ƙofar da rufaffen subnet ke fita intanet ta cikinta, ana biyan awa, ana biyan kowace gigabait. Wakilin da ya koyi aiki da tsofaffin rubuce-rubuce zai raba adireshi kamar kyauta ne. Mu da ke biya da sefa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka zaɓen yanki: yankin AWS na Cape Town yana nan tun 2020, amma sai ka kunna shi da kanka a asusunka. Takarda ta faɗa wa wakili haka?

Malam Sale: Madalla, ɗana. Ƙara da saƙon kuskure. Idan an hana shi izini, saƙon ya faɗi wane izini ne ya rasa? In bai faɗa ba, na sha ganin wakili ya buɗe tashar 22, ta shiga saba daga nesa, ga 0.0.0.0/0, wato ga kowa a intanet, don kawai aiki ya wuce. Wannan shi ke hana ni barci.

Hajara: Shi ya sa nake cewa a gwada, kada a ƙirga fayiloli. Aiki ɗaya, kamfanoni uku, wakili ɗaya, ba a ba shi komai sai takardunsu: subnet biyu, ɗaya na fili ɗaya a rufe. A rubuta sau nawa ya yi kuskure, me ya bari a buɗe, nawa zai ci a wata.

Bello: Na amince da gwajin, amma da sharaɗi. A yi shi sau biyu, da llms.txt da kuma babu. Har yanzu ina kan bakana cewa za ku ga bambanci.

Usmanu: Zan rubuta umarnin da za a ba shi daren nan. Yaya Hajara, da Terraform, manhajar tsara kayan girgije a rubuce, za mu yi ko da layin umarni?

Hajara: Terraform, kuma ka rubuta lambar zubin a sama. Asabar bayan la'asar.