Neman shawara: Hajiyarmu tana samun magani, amma ta daina walwala

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan mahaifiyarmu, wadda ta haura shekara 75 kuma ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon sukari. Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama, kuma da aka sallame ta daga asibiti sai yayanmu ya ɗauko ta daga gidanta na cikin birnin Kano ya kawo ta nasa gidan, domin a fi samun masu duba ta. Tun daga lokacin ta rage magana, tana ture abinci, wani lokaci ma sai ta kira jikokinta da sunayen ƙannenta da suka rasu. Muna kai ta wurin likitan zuciya da na sukari da masu gashin jiki, kowa yana rubuta nasa, har magunguna sun cika leda, ga na gargajiya da 'yan dubiya suke kawowa. Ba mu gaza wajen kashe kuɗi ba, amma ni dai ina ganin Hajiya ba ta jin daɗin zamanta. Me ya kamata mu gyara?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce. A duk bayaninki na ji abin da yayanku ya yanke da abin da likitoci suka rubuta, amma ban ji abin da ita Hajiya ta ce ba. Ki zauna da ita da hantsi, lokacin da hankalinta ya fi kwanciya, ki tambaye ta abin da ya fi damunta da abin da take marmari, sannan ki ba ta lokacin amsawa ko da harshenta ya yi nauyi. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 kan kula da tsofaffi a nan suka dosa, wato a tsara kulawa bisa bukatun mutum da abin da yake iya yi da kansa, a kuma haɗa ta a hannu ɗaya.

Saboda haka ku ɗauki ledar nan gaba ɗayanta, har da na gargajiyar, ku kai wa likita guda, zai fi kyau likitan iyali, ya tantance wanda za a ci gaba da shi da wanda za a ajiye. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tana shan maganin sukari alhali ba ta cin abinci sosai, domin hakan yana iya sa sukarinta ya faɗi, ta yi gumi da rawar jiki da ruɗewa, a ɗauka rikicin tsufa ne. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ku jira ranar ganin likita, don ciwon sanyin mafitsara ko na huhu yakan zo wa tsoho a haka ko babu zazzaɓi. Ku lura kuma ko tana ƙwarewa idan ta sha ruwa, saboda shanyewar jiki takan taɓa haɗiya. Ku zaunar da ita sosai kafin a ba ta abinci, kuma kunu mai kauri yakan fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya ga wasu. Idan tana daɗewa a kwance, a riƙa juya ta kamar duk bayan awa biyu, ana duba ƙugu da duga-dugai kafin fata ta sale.

Wani ɗan'uwa daga Zariya:
Ƙanwata, na yi jinyar mahaifina, don haka zan yi magana a kan gidan. Tsohuwar da ta shekara hamsin a unguwa ɗaya, maƙwabta suna shigo mata gaisuwa, ana neman shawararta a biki da suna, idan aka mayar da ita ɗakin baƙi sai ta ga ta zama kaya. Idan komawa gidanta da mai kwana da ita zai yiwu, ku tattauna shi da gaske. Idan ba zai yiwu ba, ku kawo mata rediyonta da dardumarta da kwanonta, ku riƙa ɗauko ƙawayenta su wuni, kuma ku bar ta ta ci abinci da hannunta mai lafiya ko da za ta zubar. Yawan yi mata komai yana kashe ɗan ƙarfin da ya rage.

Wani malami:
Baiwar Allah, ku tambaye ta batun salla, domin tsofaffi da yawa baƙin cikin rasa tsarki ne yake cinye su, kuma kunya ba ta barin su faɗa wa 'ya'yansu. A tunatar da ita cewa shari'a ta yarda ta yi salla a zaune ko a kwance, ta yi taimama idan alwala ta gagara, kuma idan likita ya tabbatar azumi zai cutar da ita, ciyarwa ta wadatar. Sannan ku duba matar yayanku, wadda nake zaton ita ce take ɗauke da yawancin wahalar. Kyautatawa take yi, nauyin kuwa na 'ya'ya ne maza da mata, don haka ku raba kwanaki da kuɗi a fili.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna:
Ƙari a kan batun kuɗi, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta yi tanadin asusu domin masu rauni, kuma tsofaffi suna cikinsu, saboda haka ku je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku ku tambayi yadda ake yin rajista. Ku kuma ajiye littafi guda kusa da gadonta, a riƙa rubuta awon jini da na sukari da abin da ta ci, duk wanda zai kai ta asibiti ya tafi da shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa Yaya waɗannan amsoshi, amma na san batun mayar da ita gidanta zai yi masa nauyi, domin yana gudun a ce ya kasa riƙe uwarsa. Wanda ya taɓa shawo kan irin wannan a danginsu, don Allah ya faɗa mini ta hannun wa ya bi.