Daga Sitiyarin Gem Zuwa na Gaske: Wanda Ya Gwada Ya Faɗa Mana

Mai shagon gem, Kazaure:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon gem a nan Kazaure. Yawancin yara ƙwallo suke zuwa bugawa, amma tun da na sayo sitiyarin Logitech G29 na hannu a Kano na ɗaure shi a jikin tebur, sai aka samu wasu samari da ba su da abin so sai gem ɗin tseren mota na Gran Turismo. Cikinsu akwai ɗan yayana. Yaron nan ya kai matsayin da babu mai kamo lokacinsa a shagon. Yanzu ya cika shekara 18, ya kafe shi tseren mota na gaske yake so, kullum zancensa wani Jann Mardenborough da ya tashi daga gem ya zama direban tsere. Yaya ya ce tunda a shagona abin ya samo asali, ni zan yi masa magana. Ba na son in kashe masa gwiwa, ba na kuma son in tura shi ga halaka. Wanda ya taɓa tashi daga gem ya riƙe sitiyarin gaske, don Allah ya gaya mana abin da ya tarar.

Ɗalibi, Ringim:

Wa alaikumus salam Yaya. Labarin da yaronku yake bayarwa gaskiya ne, sai dai rabinsa ya riƙe. Kamfanin Nissan da Sony ne suka buɗe gasar GT Academy a 2008 don zaƙulo direbobin tsere daga masu buga Gran Turismo, wani ɗan Sifen mai suna Lucas Ordóñez ya fara cinye ta. Mardenborough ɗan Birtaniya ne, ya ci tasa a 2011 cikin mutum kusan 90,000, kuma a 2013 motarsu ta zo ta uku a ajinta a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Amma ba daga kan kujerar gem aka ɗauke shi aka jefa cikin tsere ba. Sai da aka yi watanni ana horar da shi a filin tsere, ana gina masa jiki, ya shiga ƙananan gasa har ya samu lasisin tsere. Kuma a 2015 motarsa ta tashi sama a filin Nürburgring na Jamus ta faɗa wajen 'yan kallo, mutum ɗaya ya rasu. Ita kanta gasar an daina ta tun 2016.

Ni a Golf 3 ta kawuna na koyi mota, a filin ƙwallon makaranta lokacin hutu. Abin da gem ya ba ni shi ne ido. Kawu ya yi mamakin yadda nake kallon nesa maimakon bakin bonet, da yadda nake rage gudu tun kafin kwana ba a cikinta ba. Kunnena ma ya san lokacin da inji yake neman a canza giya. Kuloci kuwa gem bai koya mini komai a kansa ba, haka faɗin mota. Kana zaune a hagu, sanin inda tayar dama take takawa abu ne da sai jiki ya saba.

Direban haya, layin Hadejia zuwa Kano:

Ni ban taɓa buga gem ba, amma na riƙe yaron da ya taso a kansa, shi ne yaron motata kafin ya samu lasisi. Hannunsa yana da kyau, ba ya fizgar sitiyari, wannan na yaba masa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda yake shan kwana. Sai ya buɗe waje, ya yanko ciki, ya sake fita waje. Na tambaye shi, ya ce haka ake yi a tsere don kada gudu ya ragu. Na ce to a can kowa gaba ɗaya ya nufa, a nan wannan cikin da kake yankowa hannun mai tahowa ne, kuma mai tahowar yana iya zama tirela.

Malam mai shago, ka gaya wa ɗanka wannan. Mota in tana gudun kilomita 100 a awa, duk daƙiƙa ɗaya tana cin kusan mita 28. In ka ninka gudu biyu, tazarar da birki yake buƙata ninkuwa take yi huɗu. Ranar kasuwar Gujungu titin nan akwai amalanke, akwai shanu, akwai yaro da tallan gyaɗa da zai tsallaka bai duba ba. Dokar hanya ta ce ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babban titi, 100 a tagwayen hanya. Wanda ya kasa haƙurin wannan, ban ga yadda zai yi haƙurin tsere ba.

Ɗan Gwaram, mazaunin Jidda:

Oga direba ya faɗi gaskiya. Bari in ba da nawa, don ni na ɗanɗana filin da aka gina domin gudu.

Tun ina gida nake buga gem ɗin tsere a waya, da na zo Saudiyya aikin tuƙi na sayi na'ura da sitiyari. A Disamba 2021 aka fara yin Formula 1, babbar gasar tseren mota ta duniya, a nan Jidda a bakin teku, kuma akwai wuraren da ake ba da hayar kat, 'yar ƙaramar motar nan mai kujera ɗaya wadda gindinka yake dab da ƙasa. Ka biya, a ba ka hular kwano, a bar ka ka yi zagaye na 'yan mintuna.

Na shiga da tunanin na san komai game da layin da ake bi, kuma lallai na sani. Tun zagayen farko na gane inda ya kamata in taka birki da inda zan taɓa cikin kwana, abin da waɗanda ba su taɓa gem ba suke ta lalube. Amma jiki fa? Kat ba shi da abin da ke sauƙaƙa murza sitiyari, ba shi da shokozoba, duk wani tudu a haƙarƙarinka yake sauka. Kafin lokacin ya ƙare damatsana sun mutu, wuyana ya kasa riƙe nauyin hula a kwana. Da jiki ya gaji sai hankali ya bi shi, ka ga kana taka birki a makare a wurin da ka sani sarai. A gem, sitiyari ne kaɗai yake gaya maka baya ya fara zamewa. A kat, ƙugunka ne yake fara ji tun kafin hannu ya sani, kuma wannan harshen sai an koye shi daga farko.

Sai tsoro. Wannan ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai ji ba. Akwai wata kwana da na san ana wuce ta ba tare da ɗaga ƙafa daga totur ba, na ga yara ƙanana suna yi a gabana, amma ƙafata da kanta take ɗagawa. An daɗe kafin ta yarda da abin da kaina ya sani. Kuma wannan kat ɗin haya ne da gudunsa bai kai na Golf a titi ba. Direbobin Formula 1 in sun taka birki, nauyin da ke danna jikinsu yakan kai ninki biyar na nauyinsu. Duk da haka, in na ji an ce gem ɓata lokaci ne ba na yarda, Max Verstappen, gwarzon Formula 1, da kansa har yanzu yana tsere a gem ɗin kwamfuta na iRacing, William Byron da ya ci Daytona 500 a Amurka a 2024 ma a kwamfuta ya fara. Amma Verstappen yana ɗan shekara huɗu ya hau kat, Lewis Hamilton, shi ma gwarzon Formula 1, yana ɗan takwas.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kudu:

Ƙanena ne ya nuna mini wannan zancen. Ni ba ni da gogewar sitiyari, tawa gogewar ta ɗakin da ake kawo su ce. Lokacin bukukuwa da sallah muna karɓar samarin da suka yi wasan mota ko babur a rakiyar amarya, kuma sau da yawa wanda ya fi jin ciwo ba direban ba ne, yarinya ce da ke tsaye a gefe tana kallo. Na taɓa riƙe hannun wata uwa a daren da ba zan so kowa ya gani ba. Don girman Allah, duk shawarar da za ku ba yaron nan, kada titi ya shigo ciki.

Ɗalibi, Ringim:

Anti, Allah ya saka da alheri, kuma babu wanda zai musa miki. Wasan rakiyar amarya ba tsere ba ne, ganganci ne. Matsalarmu ita ce ba mu da wurin da za a ce wa mai sha'awa je ka can.

Tsohon direban babbar mota, Maigatari:

'Ya'yana, jikana ne yake rubuta mini. A shekarun 1980 ina kai kaya Agadas, na ga motocin tseren Faris zuwa Dakar da idona lokacin da suke ratsa Nijar. Abin da ya tsaya mini a rai ba gudun ba ne. Kowace mota da mai karanta hanya a gefen direba, ga manyan motoci cike da kayan gyara, ga makanikai suna kwana a ƙarƙashin mota, ga jirgi mai saukar ungulu da likita. Duk da haka ana mutuwa, shi kansa mai shirya tseren, Thierry Sabine, a hatsarin jirgin ya rasu a Mali a 1986. Yanzu tun 2020 a Saudiyya ake yi.

Mu nan ƙasar rairayi ce. Wanda ya iya bin hanyar ƙauye da kaya a bayan mota bai kafe ba, ya san a rage iskar taya, ya san ba a fizgar birki a kan burji, ya san in baya ya zame ana bin sa da sitiyari ne a hankali, to ya riƙe wani abu daga ilimin masu irin wancan tseren. Yaron ya fara da wannan a hannun babba.

Bakanike, Dambatta:

Baba ya taɓo inda nake so. Samarin gem suna zuwa garejina, kuma ina jin daɗin hira da su, don sun san abin da direbobi da yawa ba su sani ba. Yaro zai yi maka bayanin dalilin da Golf, da yake tayoyin gaba ne suke ja, take tura hanci waje in an shiga kwana da gudu. Sai dai motar cikin gem kullum sabuwa ce. Tamu 'yar Kwatano ce da ta shekara 25 ko fiye, tayoyinta na gwanjo. Na tambayi wani ya karanta mini shekarun tayarsa, bai san lambobi huɗun nan na gefen taya sati da shekarar da aka yi ta suke nunawa ba. Man birki yana shan danshi in ya daɗe. Man birki samfurin DOT 4 sabo sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya tsufa kuwa tun ƙasa da haka sosai, kuma in ya tafasa sai ka taka birki ya tafi ƙasa babu komai. Motar tsere ta gaske akwai kejin ƙarfe da aka walda a cikinta, da bel mai riƙe kafaɗu da ƙugu, da rigar da wuta ba ta saurin ci. Shi ya sa suke kifewa su fito da ƙafarsu.

Mai shagon gem, Kazaure:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta masa duka, na Anti sau biyu ya ce in maimaita. Mun tsaya a kan zai shiga makarantar koyon tuƙi ya yi lasisi, kuma in Oga bakanike ya amince zai riƙa zuwa gareji. Amma ya tambaye ni abin da ban iya amsawa ba: shi kat ɗin nan, ba a iya haɗa shi a nan?

Ɗan Gwaram, mazaunin Jidda:

Ana iyawa. Yawancin na haya injin Honda GX ne a jikinsu, dangin injin ban-ruwan da ke fadamunmu. Ba giya, kuloci ne mai kamawa da kansa in inji ya ɗau wuta, sai sarƙa zuwa sandar baya guda ɗaya wadda ta haɗa tayoyin biyu, birkin ma a jikinta yake. Sharaɗina kawai, fili ya zama killatacce, a jera tsofaffin tayoyi a gefe, a nemi izinin mai gari da hukuma, kuma ba mai hawa sai da hular kwano mai rufe haɓa.

Manomin rani, Auyo:

Ina da tsohon injin ban-ruwa GX160 da famfonsa ya fashe, injin kuwa lafiyarsa ƙalau. In za a yi don yara su bar titi, na ba da shi kyauta.

Bakanike, Dambatta:

Ya zo, ƙofa a buɗe take, amma da wankin sassan inji zai fara kamar kowa. Alhaji na Auyo, Allah ya ƙara arziki. Kafin a ɗauko, a cire famfon a ɗauki hoton bakin sandar injin a turo. Na ban-ruwa yawanci mai zare ne, na janareta kuma mai tsini, shi kuwa kulocin kat miƙaƙƙiyar sanda mai gurbin ki, wato ɗan ƙarfen da ke kulle shi, yake so. In mai zare ne sai mun canza karanshaf ko mu kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a Kano su yi mana abin haɗi. Bututun firam da walda ni zan ɗauka. Wa yake da tayoyin da ba su wuce na baro girma ba, masu faɗi?