Wutar sigari ta huda mini kujerar mota: ko akwai gyaran da ba sai an sake yadin duka ba?

Mai tambaya, daga Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Toyota Corolla 'yar Kwatano wadda nake lallaɓawa tun ranar da na saye ta, kuma kujerunta na yadi ne mai laushi, ruwan toka. Makon jiya na ba wani abokin aikina aronta zuwa ɗaurin aure a Zariya, da ya dawo da ita sai na tarar da ƙuna biyu a kujerar gaba, wadda ake kira ta mai zaman banza. Ta farko tana tsakiyar mazauni, girmanta kamar ƙwayar wake, ta huda yadin har ana hango soson da ke ciki, bakinta kuma ya yi baƙi ya taurare. Ta biyu tana gefen majingina, ɓangaren ƙofa, kusa da ɗinki, ita ba ta huda sosai ba. Na kai wa wani mai kushin, ya ce sai dai a farke a sake yadin wajen gaba ɗaya, kuma bai yi mini alkawarin samun launi iri ɗaya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin duk lokacin da na buɗe ƙofa nan idona yake fara sauka. Ko akwai wanda ya san hanyar da za a rufe ramin ba tare da an taɓa sauran kujerar ba?

Mai gyaran kushin, daga Kaduna

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya huci zuciyarka, wannan ƙunar tana gyaruwa. Yawancin yadin kujerun mota na roba ne, irin su foliyesta da nailan, kuma foliyesta yana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 250, alhali kan sigari yana wuce digiri 700 idan ana zuƙa. Shi ya sa yadin ba ya zama toka kamar auduga, narkewa yake yi ya dunƙule, wannan ne taurin da kake ji a bakin ramin. Dole a fara cire shi, domin gam ba ya kama narkakkiyar roba da kyau, kuma baƙin zai ci gaba da leƙowa komai ka rufe.

Ka sami ƙaramin almakashi mai tsini ko sabuwar reza, ka datse baƙin kaɗai, kada ka faɗaɗa ramin fiye da yadda wuta ta ci. Idan soso ya loɓa, ka yanko ɗan guntun soso ka cusa har ya zo daidai da ƙasan yadin. Daga nan sai ka yanki ƙyalle mara kauri wanda ya ɗan fi ramin faɗi, ka tura shi ƙarƙashin yadin da hantsaki, ka shimfiɗa shi, sannan ka ɗebi gam da tsinken sakace ka shafa tsakaninsa da bakin ramin. Gam ɗin ya zama na yadi, wanda ba ya taurare idan ya bushe.

Inda aikin yake shi ne wajen launi, kuma maganinsa yana jikin motarka. Ka leƙa ƙarƙashin kujera ko bayanta, wurin da ido ba ya kaiwa, za ka ga irin wannan yadin ya naɗe ciki. Ka kankare gashinsa da reza a hankali, kamar mai aski, ka tara a kan farar takarda har ya kai abin da yatsu biyu za su tsunkuno. Sai ka shafa gam kaɗan a kan ƙyallen, ka barbaɗa gashin, ka danna da tsinke, ka bari ya sha iska, ka sake wani hawa. Hawa biyu ko uku sukan cike ramin. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a zuba gam da yawa lokaci ɗaya saboda gaggawa, gashin ya jiƙe ya yi duhu, wurin ya koma tabo. Idan ka gama ka bar kujerar ta kwana ba a zauna ba.

Gaskiyar magana ita ce wanda ya san wurin zai iya gane shi idan ya sunkuya, amma baƙo ba zai lura ba. Wannan dabara ta fi yin kyau a yadi mai gashi irin naka. Mai saƙa da zane-zane faci yake buƙata daga ɓoyayyen wuri, kujerar fata kuma aikinta daban ne, ana cike ramin da wani manne mai laushi sannan a rina.

Direba, daga Jos

Ina goyon bayan abin da Malam mai kushin ya faɗa game da gam, domin ni ganau ne. Na taɓa ɗiga sufa gulu a kan irin wannan ƙunar, ina ganin zan huta da kashe kuɗi. Cikin ɗan lokaci ya malale cikin yadin, ya bushe kamar ƙwarya, ya yi fari-fari, kuma bayan wata guda na hawa da sauka sai yadin ya tsage daidai inda taurin ya ƙare. Ramin da bai fi ƙwayar gero uku ba ya koma tsawon yatsa, a ƙarshe sai da na biya aka sake yadin mazaunin duka. Ka kuma kiyaye, irin wannan gam yana yin zafi idan ya haɗu da auduga, har yakan yi hayaƙi.

Mai wayarin ɗin mota, daga Kano

Ranka ya daɗe, ƙuna ta biyu ce ta fi damuna. Motoci da yawa da ake shigowa da su daga Amurka da Turai suna da jakar iska ta kariya a cikin gefen majingina, daidai ɓangaren ƙofa da ka ambata. Ka duba ko akwai ɗan ƙyalle ko tambari mai rubutun SRS a wurin, wato alamar akwai jakar iska a ciki. Idan akwai, ɗinkin da ke gefen an yi shi ne da gangan yadda zai ɓalle lokacin haɗari jakar ta fito, saboda haka kada ka bari a ƙara masa ɗinki da zare mai ƙarfi, kada a manna faci a kansa, kada kuma ka rufe shi da rigar kujera wadda ba a bar wa jakar mafita ba. Tunda ba ta huda sosai ba, datse baƙin da barbaɗa gashi kaɗan ya isa, muddin gam bai taɓa ɗinkin ba. Haka kuma lokacin da kake kankarar gashi a ƙarƙashin kujera za ka ga wayoyi masu mahaɗi ruwan ɗorawa, na jakar iska ne, kada ka ja su ko ka zare su.

Mai tambaya, daga Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na duba yanzu, lallai akwai tambarin SRS a gefen majinginar, kuma tazarar da ke tsakanin ƙunar da ɗinkin ba ta fi faɗin yatsa ɗaya ba. Na riga na tara gashin a takarda, launinsa ya ɗan fi na mazaunin duhu saboda rana ba ta taɓa shi ba. Malam mai kushin, shin in gauraya shi da wanda zan kankaro daga wurin da ya ɗan koɗe, ko in yi amfani da shi haka?