Musayar waƙa: jinin bunsuru a gaban Kali, allahiyar mabiya Hindu

Malam Na-Gwale:
Salamu alaikum, ku matso 'yan'uwa,
Kan yankan mabiya Hindu za mu yi tattaunawa.
A Bariyarpur ta Nepal akwai wata taruwa,
Bikin allahiya Gadhimai, duk shekara biyar yake zuwa.
Ɓauna dubbai a fili guda, an kewaye ba hanyar kuɓucewa,
Masu adduna su shiga da safe, su yi ta sarewa.
Na 2009 ya tada hankalin duniya, na 2024 ma bai fasa yiwuwa.
Littafinsu ne ya ce a yi, ko gado ne ake ta riƙewa?

Yaya Uwani:
Malam, a rubuce yake, kada ka yi mamaki,
A Beda, tsofaffin littattafansu, akwai Ashwamedha, hadayar doki.
Shekara guda yana yawo, biye da shi dakarun sarki,
Ya dawo a kashe shi, a tabbatar wa mai gida da mulki.
Dokokin Manu ba su kira yankan hadaya kisa ba, sun ɗauke shi tsarki,
Littafin Kalika Purana ya ware babi kan jini da yadda ake aiki.

Auta, ɗalibi a Kolkata:
Yaya, a Kalighat, wurin bautar Kali, na ga baƙin bunsuru ana wanke shi,
An rataya masa jan fure, an shafa masa ja a goshi.
Ganga na tashi, turare ya cika wurin da ƙamshi,
Aka sa wuyansa tsakanin itace biyu, aka riƙe shi.
Sara ɗaya ake so, in an yi biyu sun ce Kali ba ta karɓe shi.
Mai bunsurun ya yi alwashi ne, ya zo biyan bashi,
Naman kuma ba a zubar ba, gida aka kai aka dafa shi.
Amma kukan dabbar nan, Yaya, har yau kunnena na jin shi.

Baba Ɗan-Zinder:
'Ya'yana, kun karanta rabi, ku ƙara nazari.
Littafin Mahabharata ya kawo gardamar abin hadaya tun da fari:
Alloli suka ce akuya, masu zuhudu suka ce hatsi ne tsari,
Aka sa Sarki Basu alƙali, mai yawo a sarari,
Ya bi bayan alloli, aka la'ance shi, ya nutse ƙasa da sauri.
Mabiya malami Madhwa kuwa dabbar hadayarsu kwaɓa ta suke da gari.
Malami Dayananda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, ya ce a bari,
Ya ce ba haka Beda take nufi ba, masu fassara suka yi ƙari.
Littafin Gita ya ce ganye, fure, 'ya'yan itace, ruwa, sun isa hadaya a wuri,
Shi ya sa a Bengal gidaje da yawa ke saran kabewa da rake a jeri.
Ni da su nake, Uwani, don ran dabba ba abin wasa ba ne, tun fari.

Malam Na-Gwale:
Baba, kotu ma ta bi sahunka,
A 2014 kotun jihar Himachal Pradesh ta Indiya ta hana wannan yanka.
Ta jihar Tripura ta bi a 2019, Kotun Ƙoli ta dakatar da nata hanin yanka.

Yaya Uwani:
Baba, na durƙusa, ɓarnar Gadhimai ban goyi bayanta ba,
Rayuka dubbai a yini guda, zuciyata ba ta ɗauka ba.
Amma Malam, hukuncin nan bai kwanta mini ba:
Indiya na sahun gaba a fitar da naman ɓauna, ba a rufe mahautan ba,
Sai bunsurun talaka guda ɗaya ne alƙali bai yarda da shi ba?
Matar da ta yi shekara tana kiwonsa, ita ba a tambaye ta ba.