Bayan an gama tattakin Santiago, ta ina ake komawa gida? Jirgin ƙasa ko bas?

Matafiyi_34:
Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa yin tattakin nan na Camino da ake yi a Sifaniya, wato ziyarar ƙafa zuwa babbar majami'ar garin Santiago de Compostela. Ni a Paris nake zaune, mun shirya ni da wani abokin aikina za mu fara daga Saint-Jean-Pied-de-Port farkon Satumba, mu bi Pamplona, Burgos, León har Santiago de Compostela, wajen kilomita 780 ke nan, mun ware kwana 34. Zuwan ba matsala, jirgin ƙasa zuwa Bayonne sai mu canja ƙarami ya kai mu Saint-Jean. Dawowar ce ta tsaya min a rai. Jirgin sama dai ban da ni, ga sandunan tafiya da ba lallai a bari in shiga da su ba, kuma gaskiya tsoronsa nake ji kar a yi min dariya. Abokin nawa ya dage mu yanki tikitin dawowa tun yanzu da sauran araha, ni kuma sai nake ganin kamar ɗaure kanmu za mu yi. Wanne ya fi, jirgin ƙasa ko bas, kuma yaushe ya kamata a saya?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kai ne da gaskiya, kar ka yarda ka yanki tikiti tun kafin ka taka ko kilomita ɗaya. Kwana 34 ɗin nan a takarda ne kawai, ƙafa ita ce mai yanke hukunci. Ni na ce 32 zan yi, sai da na ci 37, don gangaren nan da ake yi daga Cruz de Ferro zuwa Molinaseca duk duwatsu ne, gwiwata ta hagu ta kumbura na kwanta kwana 2 a Ponferrada ina ɗora ƙanƙara. Akwai wani bawan Allah da muka yi ta haɗuwa da shi a masauki, shi ya riga ya saya, wallahi kwanakinsa na ƙarshe ba ziyara yake ba gudu yake, kullum kilomita 35 yana duba agogo, ko gaisuwa ba ya tsayawa yi. Ka bari sai kun isa Sarria, daga nan saura kamar kwana 5, lokacin ka san ranar da za ka shiga gari, sai ka zauna da wayarka ka saya.

Maganar bas kuma hmm. Ni shi na hau, na dare, wanda ke bin gaɓar arewa ta Oviedo da Santander da Bilbao, ya haura awa 10 kafin San Sebastián da ke kusa da iyakar Faransa. Jikin da ya saba tafiya awa 6 ko 7 kullum har wata guda ka zo ka naɗe shi a kujera, ai ba ya yarda. Na cire takalmina cikin dare don in sha iska, da asuba ƙafar ta cika ta yi suntum, takalmin ya ƙi shiga sam, da silifas ɗin wanka na sauka ina ɗingishi takalman a rataye a wuya. Idan dole sai bas to ka nemi kujerar gefen hanya, duk inda direba ya tsaya ka sauka ka zaga motar ko sau uku ne.

BabanHanan:
Anti ta gama magana kan lokacin saye, sai dai ni ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba, bari in zo. Da farko hanyar. Tashar jirgin ƙasa ta Santiago da tashar bas yanzu manne suke da juna tun 2021, daga majami'ar tafiyar minti 15 zuwa 20 ce a ƙasa. Jirgin Renfe, wato kamfanin jiragen ƙasa na Sifaniya, zuwa Madrid awa 3 da wani abu ne tunda aka ƙarasa layin mai gudu a ƙarshen 2021, da can abin ya fi haka nesa ba kusa ba. A tashar Chamartín zai sauke ku. Daga nan zaɓi biyu ne. Ko ku kama na San Sebastián a Chamartín ɗin, wajen awa 5, ku shiga ɗan jirgin nan na Euskotren da suke ce wa Topo ya tsallaka da ku iyaka zuwa Hendaye, bai kai minti 40 ba, sai TGV, jirgin Faransa mai gudu, zuwa tashar Montparnasse ta Paris kusan awa 5. Ko kuma ku koma tashar Atocha ku hau na Barcelona, daga tashar Sants ta can akwai TGV kai tsaye zuwa tashar Gare de Lyon ta Paris, shi kuma ya kusa awa 7. Kowanne ka bi kar ka ce a wuni ɗaya za ka haɗa shi, ka kwana a hanya. Ni San Sebastián na kwana, na tsoma ƙafafun nan a ruwan teku da yamma, har yau ina tuna daɗin.

Inda na saɓa da Anti shi ne, jiragen nesa na Sifaniya kujera ake kamawa, babu zancen in an cika ka tsaya a tsaye, kuma Satumba masu tattaki sun yi yawa sosai, Juma'a da Lahadi ba wuya ka tarar babu wuri. TGV kuma kuɗinsa hawa yake yi in ranar ta matso. Don haka ni da na ce tun a León ku saya, saura kilomita 300 da ɗan kai, kun riga kun san saurinku, ku ƙara kwana 2 a kan lissafin sannan ku ɗauki irin tikitin da ake iya canja masa rana ko da ya ɗan fi tsada.

Uwar_Biyu:
To Baban Hanan ai ni bayan León gwiwar ta ci amanata! Amma na yarda, in tikitin mai canjawa ne ba laifi.

Matafiyi_34:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wato ranar da muka isa ba za mu iya kama hanya da yamma ba ke nan? Hutun nawa a ƙirge yake shi ya sa.

Ɗan_Galadima:
Za ka iya amma za ka yi da-na-sani malam. Lissafa ka gani: ka shigo gari wajen azahar a gajiye, sai ka je ofishin masu ziyara da ke Rúa das Carretas ka ɗauki lamba ka jira a duba ɗan littafinka na hatimi a ba ka takardar Compostela, wato shaidar kammala tattakin, kuma ka tuna kilomita 100 na ƙarshe hatimi biyu ake so kowace rana. Cikin majami'ar ba a shiga da jakar goyo, sai ka kai ajiya, akwai wurin ajiya a gidan waya na Rúa do Franco. Ga mutanen da kuka yi wata guda kuna kwana ɗaki ɗaya kuna jin minsharin juna, wasu sai washegari za su iso, haka kawai za ka tsere ba sallama? Ni na yi wannan gaggawar, ina zaune a jirgi cikin awa ɗaya taga ta haɗiye abin da na yi kwanaki ina takawa, sai na ji wani iri, kamar an fizge ni. In da hali ma ku hau bas ku je Fisterra ku ga teku ku dawo, in a ƙasa ne wajen kilomita 90 ne.

Abu biyu ƙanana. A tashar jiragen nesa ana saka jaka a na'urar bincike, sanduna ba ruwansu da su amma in kana da wuƙar yanka burodi mai tsawo za a iya riƙe ta, kuma ka je da wuri don layi. Na biyu kuɗin cizo. Ba kowane masauki ba, amma akwai su a hanyar. Kafin ka hau komai ka nemi wurin wanki na inji ka zuba kayanka kaf a ruwan zafi digiri 60 ka busar da na'ura, jakar kuma in ka isa gida kar ta wuce bakin ƙofa sai ka zazzage ta ka duba ɗinkunan. Waɗanda za su zauna kusa da kai ma za su gode maka, don mu da kanmu ba ma jin warin da muke yi.

Matafiyi_34:
Haha shi ke nan an gama. Zan nuna wa abokin nawa wannan, mu saya a León, ta Madrid da San Sebastián. Baban Hanan shi Topo ɗin ma sai an kama kujera ne?

BabanHanan:
A'a, shi kamar jirgin cikin gari ne, a inji za ka yanki tikiti ka shiga, kuma yana tashi akai-akai. In ya sauke ku a Hendaye tashar jiragen Faransa na nan gefe, taku kaɗan ne.