Wane suna za mu ba aikin ƙayar beguwa na Mi'kmaq?

Jama'a, mu tsayar da magana ɗaya kan fassarar kalmar Turanci quillwork, wato aikin ƙawata kaya da ƙayar beguwa irin na mutanen Mi'kmaq. Ana ta juya ta iri-iri: wasu su ce "saƙar ƙaya", wasu "adon gashin tsuntsu", har da masu kawo bushiya.

Dabbar dai beguwa ce, ba bushiya ba. Gashin tsuntsu kuwa ya shigo ne saboda a Turanci sunansa ɗaya da ƙayar, wato quill, amma ba ruwansa da wannan sana'a.

Sai mun san yadda ake aikin sunan zai fito. Mi'kmaq 'yan asalin gabashin Kanada ne, a Nova Scotia, New Brunswick, tsibirin Prince Edward, Newfoundland da Gaspé, wasu kuma a jihar Maine ta Amurka. Beguwar can ba irin tamu ba ce mai dogayen ƙayoyi masu kauri. Tata gajeru ne sirara, kusan 30,000 a jikin guda. Mata ne gwanayen aikin. Sukan wanke ƙayar, su rina, su jiƙa ta har ta yi laushi. Sai a huda ɓawon birch, wani itace na can, da basilla, a cusa bakin ƙaya a wannan huda, ɗaya bakin a waccan. Da ɓawon ya bushe sai ya damƙe ta. Haka ake jera su kafaɗa da kafaɗa har ɓawon ya ɓace ƙarƙashin zane. Sun ƙawata akwatuna da mazaunin kujeru, Turawa kuma suka yi ta saye a ƙarni na 18 da na 19, shi ya sa kayan suka bazu a gidajen tarihi na Kanada da Turai.

To ina saƙa a nan? Ba zarre, ba abawa, ba ƙoshiya. Masaƙi ba zai yarda wannan aikinsa ba ne. "Ado" kuma ya yi faɗi, kwalli ma ado ne.

Ni dai na tsaya kan "surfanin ƙayar beguwa". Mai surfani yana rufe fuskar yadi ne da zare a jere, kusa da kusa, har zane ya bayyana, kuma abin da matan nan suke yi ke nan, sai dai ƙaya ce a madadin zare, ɓawo a madadin yadi. Kada mu taƙaice shi zuwa "surfanin beguwa", don mai ji zai ɗauka hoton dabbar aka zana.

Sunan daidai yana taimakon mai bincike, domin da yawan kayan nan an tara su ba tare da rubuta sunan wadda ta yi ba. Rini ne kan faɗi zamani: tsofaffin kayan, da saiwoyi da ɓawon itatuwa aka rina su, rinin kanti mai haske kuwa bai samu ba sai daga 1856. Ruth Holmes Whitehead, wadda ta yi aiki a gidan tarihin Nova Scotia, ta yi dogon nazari a kan haka. Cikin masu wannan sana'a 'yan kaɗan da aka san sunansu akwai Christianne Morris, wadda ta rasu a 1886.

Ga yadda zan rubuta bayanin aikinta: "Gadon jariri mai surfanin ƙayar beguwa a kan ɓawon birch, aikin Christianne Morris, gidan tarihin DesBrisay, Bridgewater."

Dukawa da masu ɗinkin hula, in kuna da kalmar sana'a da ta fi surfani dacewa, ku kawo ta.